Yana da Hawan Jinin Ido a Ido Ɗaya: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Tiyata

Akwai maganar da ake yawan ji a gidajenmu bayan an dawo da tsoho daga asibitin ido: "An yi aikin, an kashe kuɗi, amma Baba bai gani ba." Maƙwabcinsa da aka yi musu aiki rana ɗaya ya koma karatun Alƙur'ani, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, shi kuwa har yanzu sai an riƙe masa hannu. Nan take zargi yake faɗawa kan likita. Wani lokaci aikin ne bai yi kyau ba, ba a musun haka. Amma sau da yawa abin da ya faru shi ne cuta biyu ce a cikin idon. An cire wadda kowa yake iya gani, ɗayar kuwa ta riga ta yi ɓarnarta shekaru kafin a yanki katin asibiti.

Ta farkon ita ce yanar ido. Ta biyun ita ce hawan jinin ido, wadda likitoci ke kira gilokoma. Duka biyun sun fi kama mutum bayan shekara arba'in, shi ya sa ba abin mamaki ba ne su haɗu a ido ɗaya. Idan suka haɗu, likita yakan kawo shawarar a yi aikin biyun a zama ɗaya. Wanda aka ba shi wannan shawara, ko aka ba iyayensa, yana bukatar ya san abu guda tun kafin ya sa hannu a takarda: rabin aikin ne kawai yake dawo da gani, ɗaya rabin aikinsa tsare abin da ya rage. Iyalin da suka fahimci wannan ba sa yanke ƙauna bayan an buɗe bandeji, kuma ba sa daina komawa asibiti a lokacin da komawar ta fi muhimmanci.

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan gilashi na halitta, garau yake, shi yake tattara haske ya kai shi bayan ido. Da shekaru suka ja sai ya fara dusashewa, gani ya yi hazo, fitilar mota da daddare ta riƙa kashe ido, daga baya tsakiyar idon ya yi fari fat. Wannan ita ce yana. Babu maganin ɗigawa ko na sha da yake wanke ta. Cire gilashin da ya lalace ake yi, a sa na roba a gurbinsa. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara dasa irin wannan gilashin a asibitin St Thomas na Landan a 1949. A yau cire yana na cikin ayyukan tiyata da aka fi yi a duniya, kuma idan sauran idon lafiya lau yake, gani yana dawowa.

Hawan jinin ido kuwa wani al'amari ne daban. Duk da sunan da muka ba shi, ruwa ne yake taruwa, ba jini ba, kuma mutum yana iya kamuwa da shi alhali awon jininsa daidai yake. Ido yana samar da wani ruwa a cikinsa dare da rana, ruwan yana zagayawa ya fita ta wata siririyar magudana da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da farinsa. Duk wanda ya yi damina a Mararaba, kusa da Abuja, ya san abin da ke faruwa idan leda da yashi suka toshe kwata: ruwa bai daina zuwa ba, hanyar fita ce ta ƙuntata, sai ya taru ya fara cin ginin da ke kusa. Abin da ruwan ido yake ci idan ya taru shi ne jijiyar gani, wadda take ɗaukar abin da ido ya gani ta kai wa ƙwaƙwalwa. A ma'aunin likitoci matsin ido na yawancin mutane yana tsakanin 10 da 21. Idan ya haura ya daɗe a sama, zaruruwan jijiyar suna mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Akwai ma waɗanda jijiyarsu ke lalacewa alhali matsin bai wuce 21 ba, saboda haka awon matsi kaɗai bai isa a ce mutum ya kuɓuta ba, sai an leƙa jijiyar kanta.

Abin da ya sa cutar take cin mutane shi ne ba ta da zafi a irin da ya fi yawa a wurinmu. Daga gefe take fara cin gani. Mutum yana karanta saƙo a waya, yana gane fuskar wanda ke gabansa, amma yana tuntuɓe da kujera, ɗan acaɓa yana fitowa ta gefensa bai gan shi ba. Ɗaya idon yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, har ranar da wani abu ya faɗa wa mai lafiyar, mutum ya rufe shi, ya tarar ɗayan ya daɗe da tafiya.

Mun san girman matsalar a ƙasar nan saboda babban binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, inda aka duba idon mutum fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. An samu kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne. Yana ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido ya biyo ta da kusan kashi 17. Farfesa Fatima Kyari, likitar ido da ke Jami'ar Abuja a lokacin, ita da abokan aikinta suka zurfafa nazarin ɓangaren hawan jinin ido na wannan bincike. Sun gano cewa mutum biyar cikin kowane ɗari na masu waɗannan shekaru suna da cutar, ɗaya cikin biyar na masu ita ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai shida cikin ɗari ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi damuna. Ma'anarsa mutane da yawa ba sa jin sunan cutar sai ranar da yana ta kai su asibiti.

Me ya sa ba za a cire yanar kawai a huta ba?

Wani lokaci hakan ake yi, kuma shi ne daidai. Idan hawan jinin idon bai yi nisa ba, kuma ɗigo ɗaya ko biyu yana riƙe matsin, likita yana iya cire yanar kaɗai, mara lafiya ya ci gaba da ɗigonsa. Cire yana da kansa yakan ɗan sauke matsi. A wani nau'in cutar ma, wanda kusurwar magudanar ce take matsewa saboda gilashin ido ya yi kauri ya turo gaba, cire gilashin shi ne babban magani, kamar yadda wani bincike na ƙasashe da dama da aka buga a 2016 ya nuna. Sai dai wannan nau'in ba shi ne ya fi yawa a Nijeriya ba. Namu mafi yawa shi ne wanda kusurwar a buɗe take amma magudanar ba ta tsotse ruwan yadda ya kamata, kuma a baƙar fata yana farawa da wuri, yana kuma saurin yin tsanani.

Idan cutar ta yi nisa, cire yana kaɗai yana da haɗarinsa. A awannin farko da kwanakin farko bayan aikin yana, matsin ido yakan yi tsalle. Lafiyayyar jijiya tana jure wannan ba tare da wata illa ba. Jijiyar da saura kaɗan ta ƙare kuwa, wannan tsallen na iya cinye ragowarta. Ga kuma ɗigon da ake bayarwa bayan tiyata don kwantar da kumburi, wanda shi ma yana ɗaga matsi a idon wasu mutane.

To, a fara da aikin hawan jinin, a bar yanar zuwa gaba? Ana yin haka idan matsin ya yi mugun hawa kuma yanar ba ta hana gani sosai ba. Wannan aikin shi ake kira tarabekulektomi, wanda likita John Cairns na Kambirij ya bayyana a 1968, kuma har yau shi ne ginshiƙin tiyatar wannan cuta a Afirka. Bincike da dama sun nuna cewa idan aka yi shi shi kaɗai yakan fi sauke matsi fiye da idan an haɗa shi da aikin yana. Amma yana da nasa cikas biyu. Yakan sa yanar ta yi saurin nuna. Sannan idan aka dawo cire yanar daga baya, kumburin aiki na biyu yana iya toshe sabuwar hanyar da aka sha wahalar buɗewa, shi ya sa likitoci suke so a bar aƙalla wata shida a tsakani. Aiki biyu ke nan, kuɗi biyu, jinya biyu, fargaba biyu.

Daga nan dalilin haɗa su ya fito. Ana kawo shawararsa ga wanda yanarsa ta isa cirewa, kuma hawan jinin idonsa ya yi matsakaicin nisa ko ya wuce haka, ko yana ɗiga magunguna biyu ko uku matsin bai sauka ba, ko magungunan ba sa karɓarsa, ko kuma a gaskiya ba zai iya ci gaba da sayensu ba. Kada wanda ya ji kunyar faɗa wa likita wannan na ƙarshen. Ɗigon hawan jinin ido na har abada ne, kowane wata sai an saya, ga tsada, ga fargabar jabu, ga irin su latanoprost da ake so a ajiye a wuri mai sanyi kafin a buɗe kwalbar, a garin da wuta ba ta tsayawa. Mai asma ba a so ya yi amfani da timolol, wanda shi ne mafi araha. Tsohuwar da hannunta ke rawa, ba ta da mai ɗiga mata safe da yamma, maganin yana ƙarewa ne a kumatunta. Likitan da ya san waɗannan abubuwa zai fi zaɓa wa mutum abin da ya dace da rayuwarsa. A ganina, ga talakan da cutarsa ta yi nisa, aikin haɗin gwiwa sau da yawa ya fi alƙawarin ɗigon da ba za a iya cikawa ba.

Akwai kuma hanyar hasken leza, wadda ba a yanka ido, ana haska magudanar ne don ta ƙara tsotsar ruwa. Wani gwaji da aka yi a asibitin KCMC na garin Moshi a Tanzaniya, aka buga sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa bayan shekara ɗaya lezar ta riƙe matsi a kusan ninki biyu na idanun da timolol ya riƙe. Yana da kyau a tambayi likita ko ta dace, sai dai ga cutar da ta yi nisa ƙwarai ba kullum take isa ba, kuma ba ta taɓa yana.

Yadda ake yin aikin

Ba a sa babban mutum barci a yawancin lokuta. Allurar kashe zafi ake yi a gefen idon, mutum yana kwance yana jin maganar ma'aikata, an rufe fuskarsa da ƙyalle mai tsabta. Aikin yakan ɗauki kamar awa ɗaya, ko ya ɗan ɗara. Ido ɗaya ake yi, ɗayan sai wani lokaci. Ba a ciro ido daga gurbinsa a wanke a mayar, kamar yadda ake yaɗawa. Yana nan inda Allah ya ajiye shi har a gama.

Yanar ana cire ta ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Akwai na'urar da ake kira fako, wadda Charles Kelman ya ƙirƙiro a Amurka a 1967, tana farfasa yanar ta tsotse ta ta wata 'yar ƙaramar ƙofa. Akwai kuma aikin hannu ta ƙaramin yanka, inda ake zaro yanar ɗungurungum, wanda shi ya fi yawa a asibitocinmu saboda sauƙin kuɗi da kuma dacewarsa da yanar da ta nuna ta yi tauri. A hannun gwani kowanne yana ba da gani mai kyau. Sai a sa gilashin roba.

Daga nan likita ya koma ɓangaren matsi. A saman farin ido, wurin da fatar ido ta sama take rufewa, yakan ɗaga wani ɗan marfi siriri daga jikin farin idon, ya huda ƙaramar ƙofa a ƙarƙashinsa, ya mayar da marfin ya ɗinke shi sako-sako da zare mafi siranta daga gashi. Ruwan ido sai ya riƙa tsiyayowa ta nan, ya taru a ƙarƙashin siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido, ya yi ɗan bororo, jiki ya shanye shi. Ba hawaye yake zama ba, kuma ba ya zubowa waje. Wannan ɗan bororon da ke ɓoye a ƙarƙashin fatar ido shi ne alamar aikin yana aiki.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne warkewar jiki kanta. Jiki yana ɗaukar sabuwar ƙofar a matsayin rauni, yana ƙoƙarin rufe ta da tabo, kuma jikin baƙar fata ya fi saurin yin tabo. Shi ya sa a lokacin aikin ake shafa wa wurin wani magani mai hana tabo na 'yan mintuna, mitomaisin ko wani ɗan'uwansa, sannan a wanke. Inda aka taɓa yin aiki ya toshe, ko ido mai wuyar sha'ani, akan dasa wani siririn bututu mai kai ruwan can bayan ido. A 'yan shekarun nan an fito da wasu ƙananan ayyuka da ake yi daga cikin ido tare da cire yana, a buɗe magudanar asali ko a sa mata ɗan ƙarfe ƙanƙani. Haɗarinsu kaɗan ne, jinyarsu gajera, amma ba sa sauke matsi kamar tarabekulektomi, wasunsu kuma suna da tsada, saboda haka sun fi dacewa da cutar da ba ta yi nisa ba.

Abin da za a gani bayan an buɗe ido

A nan ne ya kamata iyali su zauna da likita su yi magana ta gaskiya kafin ranar aiki. Ganin da zai dawo shi ne wanda yana ta tare. Wanda jijiya ta tafi da shi ya tafi. Idan yanar ta yi kauri sosai, likita ba ya iya hango jijiyar ta cikinta, sai dai ya yi kirdado daga matsin idon, da yadda ƙwayar ido take amsa haske, da halin da ɗaya idon yake ciki. Idan ya ce ba zai iya yin alƙawarin yawan ganin da zai dawo ba, ba ɓoye-ɓoye yake yi ba, iyakar abin da ake iya sani ke nan. Wani zai koma karatu. Wani abin da zai samu shi ne ya ga hanyar banɗaki da kwanon abincinsa, ya gane jikokinsa idan sun tsaya a gabansa. Ga mutumin da ke hanyar shiga duhu gaba ɗaya, wannan ba ƙaramin rabo ba ne, kuma riƙe shi har ƙarshen rayuwa shi ne nasarar aikin.

Kada a ji nauyin tambaya. "Ranka ya daɗe, nawa ne matsin idon Baba yau, kuma nawa kake so ya koma?" "Jijiyar tasa, kashi nawa ya rage a ganinka?" "Wanne aiki za a yi, kuma za a sa maganin hana tabo?" "Sau nawa za mu dawo a wata biyun farko, kuma kuɗin da muka biya ya haɗa da dawowar da magunguna?" A rubuta amsoshin a ajiye tare da katin asibiti. A kuma gaya wa likita idan mara lafiya yana da ciwon sukari ko hawan jini, ko yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ko maganin matsalar fitsari ta maza, domin wasunsu suna shafar yadda aikin zai gudana.

Haɗari yana nan, kamar kowace tiyata. Matsi na iya faɗuwa ƙasa fiye da kima, jini na iya taruwa a gaban ido na wasu kwanaki, ɗinki na iya yoyo, ƙwayar cuta na iya shiga. A idon da jijiyarsa ta kusa ƙarewa, akwai ɗan ƙaramin haɗarin ragowar ganin ya tafi bayan aikin. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma barin matsi a sama ya fi tabbacin kai wa ga makanta. Gani kuma ba ya washewa washegari kamar na wanda aka cire wa yana kaɗai. Yakan yi makonni yana hazo yana gyaruwa, tabarau ma sai bayan wata biyu ko uku ake aunawa.

Makonnin farko bayan aikin su ne suke yanke hukunci. A cikinsu ne likita yake kallon bororon nan. Idan ruwa ba ya fita sosai, ya sassauta zare ɗaya ko ya cire shi, ko ya danna idon ta wata hanya ta musamman, ko ya yi allurar hana tabo a gefen wurin. Idan ruwan ya yi yawan fita, ya san abin da zai yi. Wannan gyare-gyaren ba alamar aiki ya lalace ba ne, cikin aikin suke. Saboda haka akan bukaci mutum ya riƙa komawa kusan kowane mako a farkon lamarin. Wanda ya ɓace ya dawo bayan wata uku yana iya tarar da ƙofar ta rufe, matsi ya koma inda yake, shi kuwa bai ji komai ba, har yana murna da ganin da cire yanar ya ba shi.

Ga mazaunin Mararaba wannan ba ƙaramar magana ba ce. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, amma rayuwarsa a Abuja take, kuma kowa ya san abin da hanyar Nyanya zuwa Kugbo zuwa AYA take zama da safe. Ɗaukar tsoho mai bandeji a ido tun asuba, a tsaya neman mota, a shiga gosulo, ɗan rakiya ya rasa aikin yini, a maimaita haka sau da yawa cikin wata biyu, abu ne da ya kamata a lissafa shi tun farko tare da kuɗin tiyata. Akwai sassan ido a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da asibitin Asokoro, da asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, ga asibitin ido na gidauniyar Tulsi Chanrai a cikin Abuja. Mutanenmu da yawa kuma sun fi natsuwa da tafiya gida: Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano wanda yake aiki tun 1943, ko asibitin ido na Makka a can Kano. Ko'ina aka zaɓa, a tambaya ko akwai likitan da ya saba yin aikin hawan jinin ido, domin ba duk mai cire yana ne yake yinsa a kai a kai ba. Wanda ya zaɓi Kano ko Kaduna kuwa, ya shirya zama a can na wasu makonni, ko ya karɓo takarda zuwa ga likitan da zai ci gaba da duba shi a nan. Ban ga hikimar yin aiki a wuri mai suna a juyo gida bayan kwana uku ba tare da mai duba idon ba. Mai inshorar lafiya ya tambayi abin da ta ɗauke masa kafin ya biya.

Haka nan aikin ido na kyauta da ƙungiyoyi da masu hali suke ɗaukar nauyi. Alheri ne babba, ya dawo wa dubban mutane da gani. Amma yawanci an tsara shi ne don yana kaɗai, cikin 'yan kwanaki a tashi. Wanda ya san yana da hawan jinin ido ya faɗa tun a wurin tantancewa, kada ya ɓoye don tsoron a cire sunansa.

A gida, ɗigon kwantar da kumburi ne babban aiki. Da farko akan ɗiga shi sau da yawa a yini, a riƙa ragewa a hankali har wata biyu ko uku, kuma shi ne yake hana tabo rufe ƙofar, don haka ba a dakatar da shi don ido ya daina ja. Tsohon ɗigon hawan jini akan tsayar da shi a idon da aka yi wa aiki, amma a ci gaba da shi a ɗayan. Nan ake yawan rikicewa, sai a sa wa kowace kwalba alama. A wanke hannu kafin ɗigawa, kada bakin kwalba ya taɓa ido, a bar minti biyar tsakanin magani da magani. Ba a murza idon, ba a sa kwalli, ba a bari ruwan wanka ko na alwala ya shiga har sai likita ya yarda. A kwana da murfin roba da aka bayar. A guji ɗaukar kaya mai nauyi, da hayaƙin murhu, da ƙurar hunturu, wadda tabarau mai duhu yake taimakawa a kanta. Likitoci sukan hana sunkuyar da kai ƙasa na wani lokaci, saboda haka a tambayi ranar da za a koma sujada, kafin nan addini ya yi sauƙin yin salla a zaune da ishara. Idan jinyar ta faɗo cikin azumi, kada a yanke ɗigo da ra'ayin kai. A tambayi malami hukuncin, a tambayi likita ko za a iya daidaita lokutan, kuma danne lungun ido ta wajen hanci na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa yana rage gangarar maganin zuwa maƙogwaro.

Abubuwa biyu suna ƙara cika asibitoci da masu cutar hawan jinin ido, kuma duka muna iya kauce musu. Na farko masu aikin ido na gargajiya da ke yawo gari-gari suna soka tsinke su tura yanar cikin ido. A binciken nan na ƙasa, cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, fiye da kashi 40 cikin ɗari irin wannan turawar aka yi musu, kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanun kuma a makance aka same su. Turawar ce kuma kan gaba wajen haddasa hawan jinin idon da wani abu daban yake jawowa. Na biyu ɗigon ido mai sinadarin siteroyid da ake saye a kemis don ƙaiƙayi ko jan ido, a yi watanni ana ɗigawa saboda yana sa ido ya yi fari. Wannan ɗigon yana iya haifar da yana da hawan jinin ido gaba ɗaya, har a idon yaro. Tsohuwar shawarar nan ta "a bari yanar ta nuna tukuna" ita ma zamaninta ya wuce, domin yanar da ta wuce nuna tana iya kumbura ko ta yi yoyo ta tayar da matsi mai tsananin zafi cikin kwana ɗaya.

Cutar hawan jinin ido tana bin jini. Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa ciki ɗaya yake da ita, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane. 'Ya'ya da ƙannen mara lafiya, musamman waɗanda suka kai arba'in, su sa a auna musu matsi a leƙa jijiyarsu, su kuma riƙa maimaitawa duk shekara ko yadda likita ya tsara. Gwajin karanta haruffa a allo ba ya kama ta.

Wanda aka yi wa aikin ba a sallame shi daga asibitin ido ba har abada. Bayan an wuce watannin farko zai riƙa komawa lokaci-lokaci a auna matsi da faɗin ganinsa, domin ƙofar tana iya ƙuntata bayan shekaru, a bukaci mayar da ɗigo ko a sake buɗe ta da allura. Kuma saboda fatar bororon siririya ce, ƙwayar cuta tana iya shiga ta nan ko bayan shekara biyar ko goma. Idan idon ya yi ja farat ɗaya, ko ya fara zafi, ko yana kwantsa mai kauri, ko yana zubar ruwa ba tsayawa, ko gani ya ragu, a tafi wurin likitan ido a ranar, ko da Asabar ce ko Lahadi, a kuma faɗa wa wanda aka tarar cewa an taɓa yi wa wannan idon aikin hawan jini.